Saniya Ɗaya, Iyayengiji Goma Sha Ɗaya

"Ba zan sa hannu ba, Dokta."

A tsaye Najaha ta faɗi haka, don tun da ta shigo ba a ce ta zauna ba. Dokta Marwan, shugaban aikin binciken da ake kira Proje Tushen Shanu, ya riga ya cire murfin biro ya miƙo mata ta saman tebur. Hannun nasa ya ɗan jima a miƙe kafin ya tuna ya janye shi.

"Madmazel, ba shawara na nema ba. Cewa na yi ki sa hannu. Ga wurin nan, ƙarƙashin sunanki."

"Na ga wurin."

Takardar shafi ɗaya ce. Labo, wato ɗakin gwajin kimiyya na ƙasar waje da ke karanta ƙwayoyin gadon shanun proje, ba ya karɓar rahoton ƙarshe sai wanda ya tantance bayanai ya sa hannu cewa kowace lamba a rajista dabba ce daban. Mai tantancewar kuwa ita ce, ɗalibar jami'a da aka ɗauko saboda ta iya na'ura kuma 'yar gari ce. Shi ma akwai takardar da ke jiran hannunsa, wato kundin da Najaha ta rubuta na kammala digirin Mastar. In bai sa hannu ba, ba za ta tsaya gaban malamai ta kare shi ba, balle a yi zancen gurbin karatun dokta da ya yi mata alkawari. Dukansu sun san haka, shi ya sa babu wanda ya ambata.

Abin ya faro ne wata takwas baya, a tsakiyar bazara, lokacin da motocin kat-kat biyu na proje suka zagaye unguwannin Matameye da ƙauyukan wajen Kance da Dungu da Yauri. Niyyar kyakkyawa ce: a gano daga ina shanun yankin suka fito, nawa ne jinin Azawak a jikinsu, nawa ne na jajayen Bororo masu dogon ƙaho, nawa ne na fararen Bunaji da ke tsallako iyaka daga kudu. Aikin ba shi da wuya. A kowane gida a tsige gashin jelar saniya har da saiwarsa, a sa a ambulan, a rubuta lamba, a auna ƙirjinta, a ɗauke ta hoto tare da mai ita. Shanu ɗari da ashirin. Najaha tana fama da jarrabawa a lokacin, ko gashi ɗaya ba ta tsiga ba. Lambobi da hotuna kawai suka iso hannunta.

Ranar da sakamako ya dawo, Dokta ya ga lambobi ashirin da takwas sun haɗe wuri guda kamar an ƙera su a maƙera ɗaya. Bai ci abincin rana ba. Kafin la'asar ya gano sabon irin shanu, tsantsa, wanda babu littafin da ya taɓa ambata. Kafin magariba ya raɗa masa suna, Jar Matameye. Kafin mako ya zagayo ya sanar da ƙungiyar masu shanu, ya ba da bugun ƙyallen sanarwa, ya sa ranar biki.

"Lamba goma sha huɗu da talatin da bakwai da hamsin da biyu ba kama suka yi ba," in ji Najaha. "Ko uwa da 'yarta ba sa yin daidai har haka. Saniya ɗaya ce, ta fito sau goma sha ɗaya. Sauran sha bakwai ɗin 'ya'yanta biyu ne. Shanu uku muke da su, Dokta, ba ashirin da takwas ba."

"A garuruwa huɗu aka ɗauke su. Ma'aikata daban, mota daban, rana daban."

"Ai saniya tana da ƙafa."

Dokta ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. "Awon ƙirjinsu ya bambanta. Kin ma duba?"

"Na duba. Na jera shi bisa kwanan wata. Duk mako raguwa yake yi. Ramewa take, tafiya ta yi mata yawa."

"Wannan shi ake kira tasirin muhalli. Yana nan a babi na uku." Ya mayar da murfin biron, ya tura takardar gefe. "Biki ranar Alhamis ne. Je ki yi tunani. Ku yaran yanzu, da kun karanta littafi biyu sai ku ga kun fi wanda ya rubuta na uku."

Akwai abin da ba ta faɗa masa ba. Ta san saniyar, Kyauta sunanta. Jar saniya ce mai tsaga a kunnen hagu da farin tabo a kafaɗa, kuma tun tana maraƙa Najaha take jin kukanta ta bayan katangar gidansu. A hoton lamba hamsin da biyu, wanda ke riƙe da igiyarta, sanye da rigarsa ta Juma'a, yana kallon mai hoto kamar shi ya halicci saniyar, Malam Inusa ne, mahaifinta.

Daga buro, wato ofishin proje, ba ta shiga gida ba, ta zagaya bayan katanga. Inna Kande, tsohuwar da ke matsar man gyaɗa tun mijinta yana raye har ya rasu, tana zaune gaban kasko tana suyar ƙuli-ƙuli. A turke can gefe ga jar saniyar, da karsana biyu masu irin launinta, suna cin harawa a natse kamar ba su ne suka hargitsa ilimi ba.

"Sannu da aiki, Inna."

"A'a, 'yar lakwal. Yau wace rana? Ko takardun sun ƙare a duniya?"

"Kyauta na zo gani."

"To ai gara da kika zo. Ke ce ta wajen masu tsigar gashin nan ko? Zo nan." Tsohuwar ta tashi da ƙyar, ta ja hannun Najaha zuwa bayan saniyar, ta ɗaga jelarta. Ƙarshen jelar, inda ya kamata a ga tarin gashi, ɗan tsiro ne ya fara fitowa kamar gemun saurayi. "Dubi nan. Wata takwas, sai yanzu yake tohowa. Duk damina ƙuda na cin ta, ni nake tsayawa ina yi mata fifita da faifai. Me mutanenku suke yi da gashin jela? Miya?"

"Inna, yaya aka yi ta je har Yauri?"

"Da ƙafarta mana." Inna Kande ta koma ta zauna, ta juya ƙuli-ƙulinta. "An yi shela cewa baƙi za su zo ganin shanu da abin ɗaukar hoto. A bazara fa, lokacin da shanun mutane ba komai a jikinsu sai haƙarƙari. Nawa kuwa kin san tunkuza suke ci da dusa. Sai Alhaji Shekara na ƙungiyar masu shanu ya aiko, wai in ara masa su rabin yini. Rabin yini ya zama kwana biyu, don surukinsa na hanyar Kance ya ji labari. Daga can ƙanin matar surukin. Duk inda aka ji motar za ta, sai a yi sammako da su a riga ta isa. Ubanki ma ya samu nasa rabon, da suka biyo ta nan za su Dungu."

"Ba ki hana ba?"

"In hana me? In mutum ya yi baƙi yana aron tabarma, yana aron kwanuka, wani har gado yake ara. Saniya ce ba za a ara ba? So kike a ɗauki hoton magidanci da gemunsa tsaye kusa da ƙwarangwal, a kai wa Turawa su gani? Kowa kuma ya yi hali, ya maido su da damin harawa da goro. Sai dai kwana arba'in suna yawo, sun dawo mini kamar ba su ba."

"Ke fa, Inna? Ban ga sunanki a rajista ba."

"Ranar da suka iso ƙofata turkena wayam ne, shanun suna Dungu. Kuma wani mai hular rana ya leƙo ya ce ina maigidan. Na ce yana maƙabarta. Ya ce to su magidanta suke rubutawa." Ta miƙa mata ƙuli-ƙuli mai zafi a murfin kwano. "Ci. Ke ma kin rame, kamar an yi aronki."

Gab da magariba Najaha ta sami mahaifinta a zaure yana gyaran igiyar guga. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe wayarta ta nuna masa hoton. Malam Inusa ya karɓa, ya nisanta shi daga idonsa, fuskarsa ta washe.

"Shi ne fa za a sa a ƙyallen biki. Alhaji Shekara ya faɗa mini. Cikin hotuna ɗari da wani abu, nawa Dokta ya zaɓa."

"Baba, saniyar Inna Kande ce."

"Wa ya ce ba tata ba ce?"

"A rajista taka ce. Kuma ta Alhaji Shekara ce, kuma ta mutum tara ce bayanku. Bisa wannan aka ce an gano sabon iri. An ce in sa hannu cewa gaskiya ne."

"To ki sa mana, Uwata." Haka yake kiranta don sunan mahaifiyarsa gare ta. "Wa aka cuta? Saniyar ja ce, a Matameye take. Ina ƙaryar?"

"An ce shanu ashirin da takwas ne, alhali uku ne."

"Ni dai ba wanda ya tambaye ni ko tawa ce. Cewa suka yi, kawo shanu. Na kawo shanu."

"Naka fa, ina suke ranar?"

"Bayan rumbu." Ya yi ƙasa da murya duk da babu kowa a zauren. "Na ɗaure musu baki da dusa kada su yi kuka."

Najaha ta sunkuyar da kai don kada ya ga dariyar da ta taso mata, don ta san in ta fito ba ita kaɗai za ta fito ba, har da hawaye. "Su ake nema, Baba. Baƙar nan taka mai guntun tozo, wadda kakana ya sayo uwarta a hannun wasu makiyayan gabas, ita ce irin wadda labo zai so ya karanta. Kowa ya ɓoye abin da aka zo nema, ya fito da abin aro."

"Waccan? Ko mahauci sai ya yi tunani." Ya ajiye igiyar. Wasa ya bar fuskarsa. "Saurara. Mutum goma sha ɗaya ne, duk masu iyali, wasu sun je Makka. Kowa a garin nan ya san saniyar Kande ce. Sani daban, faɗi daban. In kika faɗa, ba Dokta kika tona ba, shi gobe zai hau motarsa ya tafi. Ni ne zan zauna da su a ƙofar masallaci. Na sayar da rake shekara nawa ina tura ki lakwal, ana ce mini asara nake yi. Yanzu kuma saura taki ɗaya ki karɓi takardarki, sai ki tsaya a kan jelar saniya?"

"A lakwal ɗin aka koya mini kada in sa hannu a kan irin wannan."

"To sun koya miki da yawa," in ji shi, ya ɗauki igiyarsa.

Kwana biyu ta yi a gaban na'ura. Ta cire maimaicin, ya rage shanu casa'in da biyar na gaskiya, ta sake lissafin tun daga farko. Abin da ya fito ya fi ƙaryar kyau nesa ba kusa ba. Babu saniya ɗaya tsantsa a duk yankin. Kowace ɗaya mahaɗar hanyoyi ce: arewa a ƙahonta, kudu a fatarta, gabas a wani lungu na jininta, kamar yadda fatake da makiyaya suka yi ta ratsa ƙasar suna barin maraƙi nan, suna sayen bijimi can. Kyauta kanta, uwar sabon iri, jini uku ne a jikinta. Ranar Laraba ta kai wa Dokta shafi goma sha biyu.

Wannan karon ya ce ta zauna. Har shayi ya sa aka kawo mata. Ya karanta shafin farko da na ƙarshe.

"Aiki mai kyau, 'yata. Amma me kika gano? Cewa shanun ƙauye gauraye ne? Wannan ko mai tallan nono ta sani. Wa zai yi hayar rumfa da kujeru don a gaya masa saniyarsa ba ta da asali?"

"Tana da asali, Dokta. Yawa ma ya yi mata."

"Ki ajiye wannan don karatunki na dokta. Ni zan kula da ke." Ya turo mata waccan takardar mai shafi ɗaya a hankali, da yatsa ɗaya, kamar mai tura wa kaza tsaba. Najaha ta shanye shayinta, ta gode, ta tashi.

Da yammacin ranar, ta saman katanga, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: manyan mutane goma sha ɗaya a ƙofar Inna Kande lokaci guda, kowa yana yi kamar wucewa yake ya tsaya gaisuwa. Dokta ya aika cewa kowane mai Jar Matameye ya zo biki da shanunsa. Sai a lokacin suka tuna cewa aro yana yiwuwa ne in baƙi suna zuwa gida-gida. Muryar tsohuwar ta fito sarai.

"Babu inda za ta. Ciki gare ta, kuma gashin jelarta bai gama dawowa ba. 'Ya'yan ma ba sa zuwa ko'ina ba uwarsu. Alhaji, in kana so in ara maka kasko."

Ranar Alhamis da hantsi aka cika filin gaban buron proje. Rumfa uku, kujerun roba, makaɗa a gefe, lasifika tana ƙara tana tsayawa. A sama ƙyallen sanarwa yana kaɗawa, Malam Inusa da Kyauta a jiki, kowannensu ya fi girmansa na gaskiya. An kafa turaku ashirin da takwas a jere, an zuba harawa a gaban kowanne. Babu ko saniya ɗaya. Wata akuya ce ta gano harawar, ana kora tana dawowa.

Dokta ya yi jawabi na rabin awa, rabi Faransanci rabi Hausa, sannan ya ɗauko rajista ya fara kira.

"Alhaji Shekara, shugaban ƙungiya, mai lamba goma sha huɗu."

Alhaji Shekara ya miƙe ya gyara babbar rigarsa. "Ranka ya daɗe, nawa sun tafi kiwo kudu tun damina. Ba su dawo ba."

Na biyu ya ce tasa ta faɗa rijiya. Na uku ya ce an sayar an yi wa yaro aure. Na huɗu, da ya ga an cinye dalilai masu kyau, ya ce tasa ma ta faɗa rijiya. Da aka zo kan Malam Inusa, ya tashi a ƙarƙashin hotonsa, ya dubi ƙasa ya ce, "Ba ta jin daɗi." Najaha tana can kujerar baya, ta ji kamar ita aka tsayar.

Ta zaci nan abin zai rushe da kansa, ba sai ta ce komai ba. Ba ta san Dokta ba. Ya kalli turakun nan, ya cire tabarau, da ya sake magana muryarsa har rawa take.

"Jama'a, kun gani da idonku. Wata takwas kacal. Shanu ashirin da takwas, yau babu ko ɗaya da za ta iya tsayawa a nan. Jar Matameye, dukiyar kakanninku, tana ƙarewa a gabanmu. Shi ya sa nake sanar da ku cewa za mu nemi zango na biyu na wannan proje, don ceto ta."

Aka ɗauki tafi. Mutum goma sha ɗayan nan su suka fi kowa tafawa, kamar waɗanda aka tsamo daga ruwa. Ko Najaha sai da ta jinjina masa a ranta. Mutumin da zai iya tatsar turke babu saniya ba ƙaramin masani ba ne.

"Kuma abin alfahari," in ji Dokta, "wadda ta tantance wannan aiki 'yarku ce, 'yar gidan Malam Inusa. Najaha, taso ki sa hannu a gaban iyayenki, su shaida."

Ya yi dabara. Wace yarinya ce za ta ƙi a gaban rumfa uku, mahaifinta yana zaune a layin gaba? Mata suka fara guɗa. Najaha ta taso. Tafiyar daga kujerar baya zuwa tebur ba ta kai taki talatin ba, amma ta ga komai a cikinta: kundinta a cikin jakar Dokta, idon mahaifinta da ya ƙi ɗagowa, biron da aka riga aka cire wa murfi. Ta wuce biron ta karɓi lasifika.

"Iyayena, ku yi haƙuri. Jar saniyar ba ta ƙare ba. Tana nan lafiya a bayan gidanmu, ita da 'ya'yanta biyu. Ta Inna Kande ce mai ƙuli-ƙuli. Su uku aka yi ta aunawa. Shanunku na gaskiya, waɗanda ba a kawo ba, su ne masu labari, kuma in kun yarda zan zo in ɗauki gashinsu gida-gida. Amma wannan takarda ba gaskiya ba ce, hannuna ba zai hau kanta ba."

Ba ta kira sunan kowa ba. Ba ta buƙatar kira, an riga an kira su daga rajista ɗaya bayan ɗaya. Filin ya yi tsit, har ana jin akuyar nan tana tauna. Babu wanda ya yi mamaki, don babu wanda bai sani ba. Abin da ke fuskokinsu irin kallon da ake yi wa wanda ya ɗaga labulen ɗakin mutane ne da rana tsaka. Alhaji Shekara ya yi wa makaɗa alama da hannu, ganga ta tashi, aka shigo da manyan farantan shinkafa. Aka ci, aka yi addu'a, aka watse. Malam Inusa bai tsaya cin abinci ba.

Washegari wani ɗalibi da aka kira daga birni ya sa hannu a takardar ba tare da ya buɗe rajista ba. Najaha ta rubuta wa labon wasiƙa, ta haɗa da hotuna goma sha ɗaya na kunne ɗaya mai tsaga, da jerin awon ƙirji, da shafukanta goma sha biyu. Bayan wata biyu amsa ta zo, layi huɗu, cike da ladabi. Sun gode. Tun da ba za su iya tabbatar da yadda aka tattara samfurin ba, sun cire na yankin gaba ɗaya daga binciken, na aro da na gaskiya. Da taswirar asalin shanun ƙasashen Sahel ta fito, akwai ɗigo-ɗigo masu launi ko'ina, wajen Matameye kuwa fari fat, kamar ba a taɓa kiwon saniya a can ba.

Zango na biyu bai zo ba. Dokta Marwan bai yi asarar komai ba, ya koma wata jiha yana binciken asalin awaki, an ce har ya fara ganin alamun wani sabon iri. A Matameye kuwa labarin ya daidaita a bakin mutane cikin sauƙi: gari ya kusa samun shanunsa na kansa, masu suna a littafin Turawa, sai 'yar Malam Inusa ta yi baƙin ciki ta hana. Cikin gidajen da ta ce za ta bi ta ɗauki gashi, biyu ne suka buɗe mata ƙofa, ɗaya na Inna Kande ne. Ambulan biyar ta samu. Suna nan a cikin akwatinta, babu labon da zai karanta su.

Ta sami aikin wucin gadi a wata makaranta mai zaman kanta a bakin kasuwa, tana koya wa 'yan aji uku yadda ɗa ke gadon kamannin iyayensa. Takan bi ta ƙofar masallacin unguwa da safe, kanta a sama, ta gaida dattawa, wasu su amsa. An tambaye ta sau da yawa ko ta yi nadama, har ta gaji da cewa a'a.

Kundinta bai sami sa hannu ba, ba ta kare shi ba, shekara biyu na karatu suka tafi babu takarda. Gurbin karatun dokta an ba wanda ya sa hannu. Malam Inusa ya bar zama a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, wurin da ya shekara ashirin yana zama, kuma ya yi wata bakwai in ta gaishe shi sai dai ya ɗaga mata hannu.